Kalmomin Turanci Ma Suna Da Dangi: Yadda Za Ku Haddace Su Gida-Gida

Ina aji biyar na sakandare garma ta kayar da ni a gaban makaranta. A makarantarmu 'yan ƙungiyar aikin jarida ne ke karanta labarai da Turanci a taron safiyar Litinin, kuma ranar karatun ya faɗo kaina. Labarin na rabon kayan noma ne. Ina cikin karatu sai na iso kan kalmar plough. Na san ta da ido, domin tana cikin wani jeri da na haddace, tana zaune kusa da cough. Ban ko yi jinkiri ba na ce "filof". Malamin Turanci ya dafe kai, 'yan ajin ƙarshe suka bushe da dariya. Ashe "plau" ake cewa, kuma ma'anarta garma, ko huɗa. Ni da na tashi ina bin bayan shanun huɗa a gonar mahaifina, sai ga shi garma ce ta kunyata ni. Har na bar makarantar wasu ba su daina kirana Filof ba.

Duk da haka ban yar da jerin ba, domin ya yi mini rana. Kafin in fara tara kalmomi masu kama da juna wuri guda, da ƙyar nake cin shida cikin ashirin a shifta. Bayan zango biyu sai da na kai goma sha bakwai. Kuskurena shi ne na haddace surar kalmomin, na bar sautinsu da ma'anarsu. Ƙannena, abin da nake so mu tattauna a wannan makon ke nan: yadda za ku tara kalmomin Turanci gida-gida, bisa tsawonsu da haruffan da suka haɗa su, ba tare da kun faɗa ramin da na faɗa ba.

Maganar ba ta wasa ba ce. Duk wanda ke son shiga jami'a a Najeriya yana buƙatar kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, komai kyawun sauran sakamakonsa. A jarrabawar JAMB kuwa, tambayoyi 60 cikin 180 na Turanci ne, kuma babu wanda ake ɗauke wa. A rubutun insha'i da wasiƙa ana rage maki a kan kalmar da aka rubuta ba daidai ba. Akwai kuma takardar furuci, wadda ake tambayar wace kalma ce ke da sauti iri ɗaya da wata, wace ce ke amsa-amo da wata, da kuma gaɓar da ake dannawa da ƙarfi. Duk waɗannan wurare ne da sanin dangin kalmomi ke ceton ɗalibi.

Me ya sa rubutun Turanci ke da murɗiya?

Mu Hausawa mun saba da rubutu mai gaskiya. Idan ka iya baƙaƙe da wasula, kusan duk kalmar da ka ji za ka iya rubuta ta. Turanci ba haka yake ba. Haruffansa 26 ne, amma sautukansa sun kai kusan 44, don haka dole harafi ɗaya ya yi aikin biyu ko uku, ko a haɗa haruffa su ba da sauti guda.

Tarihi ma ya ƙara dagula lamarin. A shekarar 1066 Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, kalmomin Faransanci suka kwararo cikin harshen. Malamai kuma suka riƙa aro daga Latin da Girkanci. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, daga nan rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya, alhali bakin mutane bai tsaya ba. A da ana furta k ɗin da ke cikin knee da knife. Haruffan gh na cikin night da light suna da sauti na maƙogwaro, mai kama da harafin kha na Larabci, kuma har yau Jamusawa suna furta shi a kalmarsu ta dare, Nacht. Sautin ya ɓace daga bakin Turawan Ingila, haruffan suka zauna. Harafin b na cikin debt da doubt kuwa malamai ne suka cusa shi da gangan don a tuna asalin kalmomin a Latin.

Amfanin sanin wannan shi ne ku gane cewa murɗiyar tana da tsari. Canjin da ya sami night shi ne ya sami light da right da fight, duk a lokaci guda. Wanda ya kama ɗaya daga cikinsu ya kama hanyar gidansu gaba ɗaya.

Darasi daga gwanayen Scrabble

Wani ɗan bautar ƙasa da aka turo makarantarmu ne ya fara nuna mana wasan Scrabble. Allo ne mai gidaje 225, sahu 15 a tsaye, 15 a kwance, da 'ya'ya 100 masu ɗauke da haruffa. Kowane ɗan wasa yana riƙe da bakwai, yana haɗa kalma da su a kan allo. Wani mai zanen gine-gine a Amurka, Alfred Butts, shi ya ƙirƙiro shi a shekarun 1930, lokacin da ya rasa aiki. Ya zauna ya ƙirga yawan fitowar kowane harafi a jaridu, shi ya sa harafin E ke da 'ya'ya 12 masu maki ɗaiɗai, Q da Z kuwa ɗaya-ɗaya ne, kowanne da maki 10.

Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne Najeriya na sahun gaba a duniya a wannan wasa. A watan Nuwamban 2015, a birnin Perth na Ostireliya, Wellington Jighere ɗan jihar Delta ya doke Lewis Mackay na Ingila da ci huɗu da nema a wasan ƙarshe, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ɗauki kambin duniya na Scrabble na Turanci. Har Shugaba Muhammadu Buhari sai da ya buga masa waya ya taya shi murna. Jaridun waje sun yi ta rubutu a kan salon 'yan wasanmu, wato yawan amfani da gajerun kalmomi maimakon dogaye, don kada a buɗe wa abokin karawa hanyar cin maki.

Yaya waɗannan gwanaye ke haddace dubban kalmomi? Ba sa bin ƙamus daga A zuwa Z. Bisa tsawo suke bi. Suna farawa da kalmomi masu harafi biyu, waɗanda sun ɗan haura 120 a ƙamus ɗin da ake gasar duniya da shi. Sai masu uku, sai masu huɗu. Daga nan su koma kan masu bakwai da takwas, domin wanda ya zubar da 'ya'yansa bakwai a tashi ɗaya yana samun ƙarin maki 50. Nan ma tara su suke yi bisa haruffan da suka haɗa su. Misali, haruffan A, E, I, N, R, S, T suna ba da retains da nastier da retinas da stainer. Haruffan listen su ne na silent da enlist da tinsel.

Sai dai ga inda za mu rabu da su. A 2015 ɗin dai, Nigel Richards ɗan ƙasar Niyuzilan ya ci gasar duniya ta Scrabble na Faransanci alhali ba ya jin Faransanci. Ƙamus ɗin wasan ya haddace. A 2024 ya sake yin haka da Sifaniyanci. A kan allo ba a tambayar ma'ana, don haka wannan ya ishe shi. Ni ma na taɓa cin wasa da qi da za da xu ban san abin da suke nufi ba. Mai duba takardar WAEC kuwa ma'ana yake nema, kuma takardar furuci sauti take nema. Dabarar tara kalmomi za mu ara daga 'yan Scrabble, sannan mu ɗora mata abin da su ba su damu da shi ba.

Gajerun kalmomi sun fi cin maki

Yawancinmu dogayen kalmomi muke tsoro, alhali gajerun ne ke kayar da mu. Ku dubi masu harafi biyu da ake amfani da su kullum: of, to, in, on, at, by, as, is, it. Babu wanda zai kasa rubuta su, amma wajen ɗora su a jimla ake zubar da maki. Ana cewa good at, interested in, congratulate on, prefer this to that. Kalmar discuss kuwa ba ta ɗaukar about ko kaɗan. Don haka shafin masu harafi biyu a littafinku kada ya zama jerin kalmomi tsurarsu. Ku rubuta kowace tare da kalmar da take bi.

Masu harafi uku su ne filin horar da kunne. Hausa wasula biyar gare ta, kowanne da gajere da dogo, amma Turanci ya fi haka yawa. Ku jera hat, hot, hut, sannan cat, cot, cut, sannan bad, bed, bid, bud. Baƙaƙen ba su canza ba, wasalin tsakiya ne kawai ke raba hula da zafi da bukka. Ku sa wanda ya iya ya karanta muku ɗaya, ku nuna wadda ya faɗa.

A nan ne kuma za ku yi maganin ciwon da aka san mu da shi. A Hausa p da f ba sa raba ma'ana, shi ya sa bakinmu ke gauraya su. A Turanci kuwa pan kasko ne, fan fanka ce. Ku jera su biyu-biyu: pin da fin, pat da fat, pull da full, pile da file, pool da fool, cup da cuff. Wajen furta p leɓɓa biyu ke haɗuwa su fashe. Wajen f haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa iska ta fita. Ku riƙe 'yar takarda a gaban baki: idan kun faɗi pan daidai za ta yi tsalle.

Daga uku zuwa huɗu akwai wata ƙa'ida mai daɗi. Harafin e na ƙarshe ba a furta shi, amma yana sa wasalin da ke gabansa ya faɗi sunansa na abacada. Hat ta koma hate, pin ta koma pine, hop ta koma hope, cut ta koma cute, not ta koma note. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin ninka baƙi. Daga hop ake samun hopping, daga hope ake samun hoping. Baƙin da aka ninka katanga ce da ke tsare gajeren wasali. Shi ya sa writing ke da t ɗaya, written ke da biyu, kuma shi ya sa dining room ba ta da n biyu irin na dinner. Wannan kuskuren na writting yana cikin waɗanda aka fi gani a wasiƙun ɗalibai.

Gidajen da ya kamata ku fara shiga

Gidan ight shi ne mafi sauƙi, domin 'ya'yansa duk murya ɗaya gare su: light, night, right, fight, might, sight, tight, bright, flight, fright, slight, delight. Maƙwabtansu su ne eight, weight, freight, waɗanda ke amsa-amo da late. Height kuwa ta yi rubutun maƙwabta amma tana furuci irin na gidan light.

Gidan aught: taught, caught, daughter, naughty, slaughter. Ku ajiye shi a shafin da ke fuskantar gidan ought: thought, bought, brought, fought, sought. Sautinsu ɗaya, rubutu ne ya bambanta. Masu rikita taught da thought suna da yawa, alhali ta farko daga teach take, ta biyu daga think. Laughter ta shigo gidan aught da rubutu, amma furucinta "lafta" ne.

Akwai gidaje uku da doka ɗaya ke riƙe da su: ck, tch da dge. Dukansu suna zuwa ne bayan gajeren wasali guda. Back, neck, sick, lock, luck. Catch, fetch, pitch, kitchen. Badge, edge, bridge, lodge, judge. Idan wasalin dogo ne, ko akwai wani baƙi a tsakani, sai su rage kaya: seek, teach, bench, page, large. Masu saɓa dokar tch 'yan kaɗan ne, kuma kullum muna tare da su: much, such, rich, which.

Sai rigimar ie da ei, wadda ta sa na yi shekaru ina rubuta receive a juye. Idan sautin dogon "i" ne, yawanci i ke gaba: believe, achieve, chief, thief, brief, piece, niece, field, yield. Idan harafin c ya gabace su sai su juya: receive, deceive, perceive, conceive, receipt, ceiling. 'Yan tawayen gidan su ne irin su seize, weird da protein, sai ku ware musu kusurwa a ƙasan shafi.

Haruffan da ba a furtawa ma gida-gida suke. Na kn: know, knee, knife, knock, knot, kneel. Na mb: comb, climb, lamb, thumb, bomb, dumb, plumber. Na st mai t shiru: listen, fasten, castle, whistle. Na wr: write, wrong, wrap, wrist, wring, wrestle, wrinkle. Idan kun lura, da yawa daga 'yan gidan wr suna da alaƙa da murɗawa ko naɗewa: wrist wuyan hannu ne, wring matse wanki, wrestle kokawa. Haka sn ke yawan zuwa a abin da ya shafi hanci, kamar sneeze, sniff da snore, gl kuma a abin da ya shafi haske, kamar glow, glitter da glare. Ba doka ba ce, amma tana taimaka wa tunawa.

Wata dabara kuma: harafin da ya yi shiru a kalma yakan yi magana a bakin ɗan'uwanta. Ba a jin g a sign, amma ana jin sa a signature. Ba a jin b na ƙarshe a bomb, ana jin sa a bombard. Haka c na muscle ke fitowa a muscular, n na condemn ke fitowa a condemnation. Idan kun yi shakkar rubutun kalma, ku tambayi danginta.

Gida na ƙarshe a wannan sashe na musamman ne gare mu. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu masu sauti daban-daban, shi ya sa idan muka ari kalma sai mu cusa wasali. Bread ta zama burodi, brush ta zama buroshi, driver ta zama direba, primary ta zama firamare, screwdriver ta zama sukurudireba. A Hausa wannan daidai ne. Matsalar ita ce idan wasalin ya biyo mu cikin Turanci. Ku buɗe shafi na str, spr, scr da spl: street, strong, strike, spring, spread, scream, scratch, split, splash. Ku riƙa faɗinsu a hankali, kuna sauraron kanku, har wasalin aro ya fita.

Kama da wane ba ta wane

Yanzu mu koma gidan da ya kunyata ni. Haruffa huɗun nan, ough, suna da furuci aƙalla bakwai. A though da dough sautin "o" ne irin na go. A through "u" ne irin na too. A tough, rough da enough "af" ne. A cough da trough "of" ne. A thought da bought dogon "o" ne irin na law. A plough, bough da drought "au" ne irin na now. A thorough kuwa wani ɗan gajeren sauti ne mara ƙarfi. Da na raba shafin nan ɗaki bakwai tun farko, na ajiye plough kusa da now da cow, da ban sami sunan Filof ba.

Haka ear take. Hear, near da fear ɗaki ɗaya. Bear, wear da pear wani ɗakin. Learn, earth da heard na uku. Heart kuma tana nata ɗakin. Tear kuwa tana da ɗaki biyu: idan hawaye ce tana tare da hear, idan yagawa ce tana tare da bear. Haka ea ke sauya murya a meat, bread da great. Irin waɗannan su ne abincin masu shirya takardar furuci. Za su ba ku kalma, su jera huɗu a ƙasa, su sa mai kama da ita a rubutu don ta ja idonku, alhali amsar tana wurin wadda ba ta yi kama da ita ba ko kaɗan. Wanda ya haddace da ido kawai zai zaɓi cough a matsayin mai amsa-amo da though, alhali amsar toe ce.

Doguwar kalma gini ce

Ku tuna yadda muke gina kalma a Hausa. Daga karanta muka sami makaranta, daga ƙera muka sami maƙera da maƙeri, daga noma muka sami manomi, daga rini muka sami marina. Ko yaro ya ji sabuwar kalma mai farawa da ma zai yi hasashen wuri ne, ko mai yin aikin, ko kayan aikin. Waɗanda suka yi nisa a Islamiyya sun san yadda baƙaƙe uku na Larabci, k, t, b, ke haifar da kitab da katib da maktab. Dogayen kalmomin Turanci ma haka suke: saiwa a tsakiya, ɗafa-goshi a gaba, ɗafa-ƙeya a baya.

Saiwar port daga Latin take, ma'anarta ɗauka. Ga 'ya'yanta: transport, import, export, porter, portable. Saiwar spect ma'anarta duba: inspect, suspect, spectator, spectacles. 'Yan ajin kimiyya su lura da na Girkanci: photo haske, bio rai, geo ƙasa, tele nesa, graph rubutu ko zane. Da waɗannan biyar kaɗai kun buɗe photograph, biography, geography da telegraph. Photosynthesis ma haɗa abu ne da taimakon haske.

Sanin inda aka yi haɗin yana warware rikicin ninka harafi. Dis da appear sun ba da disappear, s ɗaya. Dis da satisfy sun ba da dissatisfy, s biyu, domin kowane ɓangare ya zo da nasa. Haka mis da spell suka ba da misspell, un da necessary suka ba da unnecessary, real da ly suka ba da really. Ɗafa-ƙeyar ful kuwa l ɗaya gare ta kullum: careful, useful, beautiful, grateful.

Ɗafa-ƙeya tana kuma gaya muku inda za ku danna murya. Kusan duk kalmar da ta ƙare da tion ko sion, gaɓar da ke gabanta ake dannawa: eduCAtion, examiNAtion, deCIsion. Haka yawancin masu ƙarewa da ic, kamar ecoNOmic da scienTIfic, da masu ƙarewa da ity, kamar aBIlity da elecTRIcity. Wannan ƙa'ida guda tana iya ba ku amsar tambayoyi da dama a takardar furuci.

Yadda za ku buɗe littafin gidaje

Ku sami littafin rubutu guda, ku keɓe shi. Kowane shafi gida ɗaya, a rubuta haruffan gidan a sama. Ku ja layi uku a tsaye, shafin ya rabu huɗu. Sahu na farko kalmar. Na biyu wata kalma mai sauƙi da kuka tabbatar da furucinta wadda ke amsa-amo da ita, misali plough da cow. Na uku ma'anarta da Hausa. Na huɗu jimlar da ku da kanku kuka ƙirƙira, a kan gidanku ko unguwarku ko makarantarku. Kalmar da ba ta cika sahu huɗun nan ba, ba ta shiga hannunku ba tukuna.

Kada ku kwafo jeri daga intanet ku zuba. Ku bar kalmomin su zo daga karatunku: littafin adabi, darasin Bayoloji, tsofaffin tambayoyin jarrabawa, jarida. Idan kun ci karo da sabuwa, ku duba ƙamus, ku saurari furucinta a waya in da hali ko ku tambayi malami, sannan ku kai ta gidansu. Kalma biyar a rana ta isa. A kwana 200 kun tara dubu ɗaya, da yayyafi kogi kan cika. Abin da kuka rubuta yau ku sake dubawa gobe, sannan bayan mako, sannan bayan wata. Wajen bita ku rufe sahun farko, ku karanta ma'anar, ku rubuta kalmar da ka.

Wasa ma yana cikin karatun, kuma ba sai an sayi komai ba. Mu kwalin sabulu muka yanka gida 100 muka rubuta haruffa, muka zana allo a bayan tsohuwar kalanda. Akwai kuma tsanin kalmomi, wasan da Lewis Carroll, malamin lissafi a Jami'ar Oxford, ya fitar a 1879: a tashi daga wata kalma zuwa wata mai tsawo ɗaya, ana canza harafi guda a kowane mataki, kuma kowane mataki ya zama kalma ta gaske. Daga cat zuwa dog: cat, cot, dot, dog. Masu waya suna iya gwada Wordle, inda ake neman kalma mai harafi biyar cikin gwaji shida. Sharaɗin da ɗan bautar ƙasar nan ya kafa mana bayan abin da ya same ni shi ne wanda zan bar muku: duk wanda ya ajiye kalma a allo, sai ya furta ta, ya faɗi ma'anarta, in ya kasa makinsa ya zube.

Aikin wannan mako

Na ɗaya: da haruffan O, P, S, T, ku fitar da kalmomi shida masu harafi huɗu, kowace da ma'anarta.

Na biyu: ku hau tsani daga hand zuwa foot cikin mataki biyar.

Na uku: ku raba waɗannan zuwa ɗakuna bisa furuci: rough, bough, dough, fought, enough, drought, although, sought.

Na huɗu: a cikin waɗannan, biyu ba a rubuta su daidai ba. Ku nemo su ku gyara: believe, recieve, ceiling, dissappoint, grateful, writing.

Ku yi aikin a littafinku na gidaje, ku kai wa malamin Turanci ya duba. Wanda kuma karatun labarai ya faɗo kansa ranar Litinin, ya karanta wa wani a gida tun daren Lahadi. Allah Ya ba da sa'a.